Daga Dubai zuwa Gwanzu: awa bakwai zuwa, awa tara dawowa

Harkar yadi ce ta fitar da ni daga Kano a cikin watan Disamba, lokacin da hazo ya sauko sosai. Duk mai sarin kaya a ƙasar Sin ya san dalilin gaggawar wannan wata. Sabuwar shekarar Sinawa tana faɗowa ne tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, kuma da zarar ta matso masaƙu sukan rufe, ma'aikata su watse zuwa garuruwansu, wanda bai ba da odarsa da wuri ba kuwa sai ya haƙura har a dawo aiki. Na tsara in fara biyawa ta Dubai saboda wani lissafi da ke tsakanina da abokan hulɗa a Deira, tsohuwar unguwar 'yan kasuwa ta Dubai, daga nan in wuce Guangzhou, wadda mu 'yan Kantin Kwari muke kira Gwanzu. Daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa Dubai, ta Adis Ababa, babu abin faɗa sai zama da jira.

A Deira na sauka a wani ƙaramin otal a unguwar Naif, inda galibin masu kwana 'yan kasuwar Afirka ne, ta yadda mutum zai ji Hausa a kan bene kafin ya ji Larabci. Ɗakin matsattse ne amma tsaf, kuma a ƙasansa akwai shagon 'yan Pakistan mai sayar da shinkafa da kaza da shayi mai kauri. Abin da ya fi sauƙaƙa wa ɗan kasuwa rayuwa a Dubai shi ne kuɗinsu ba ya rawa: dala ɗaya dirhami 3.67 ce shekara da shekaru, saboda haka lissafin da ka yi da safe shi ne za ka tarar da yamma. Ƙetare ruwan da ya raba Deira da tsohon gari a ƙaramin jirgin katako kuwa dirhami ɗaya ne kacal, kuma shi ne abu mafi araha da na saya a garin.

A otal ɗin ne na haɗu da wani dattijo ɗan Maraɗi, mai harkar takalma, wanda ya daɗe yana zuwa Dubai amma bai taɓa wucewa gabas da ita ba. Jirgi ɗaya za mu shiga. Daren da za mu tashi ya fito da takardar tikitinsa a wurin shan shayi, ya ƙura mata ido, ya ce, "Ɗana, duba mini nan. Tashi goma da rabi na safe, sauka goma saura na dare. Awa goma sha ɗaya da ɗoriya ke nan a kujera, gwiwoyina ba za su ɗauka ba." Na ce masa, "Baba Alhaji, kowane lokaci da aka rubuta a tikiti agogon garin da ake magana a kai ne. Gwanzu tana gaban Dubai da awa 4, in ka cire su zaman bai kai awa bakwai da rabi ba." Ya yi hamdala, ya juya shafin dawowa, ya ga tashi sha biyu da kwata na dare, sauka biyar da kwata na asuba, ya ce to dawowar ma ta fi sauƙi, awa biyar ce. Dole na rage masa murna, domin a nan ƙara huɗun ake yi, ba cirewa ba, zaman ya koma awa tara.

Daga nan gardama ta tashi a teburin. In dai hanya ɗaya ce, jirgi kuma iri ɗaya, me ya sa dawowa za ta fi zuwa da awa ɗaya da rabi? Wani ɗan Agadas ya ce juyawar duniya ce, ƙasa tana gudu ta bar jirgin a baya. Baba Alhaji ya ce sam, nauyi ne: jirgi yana tafiya da mu hannu sake, ya dawo da kayan da muka jibga masa, ai dole ya yi nawa. Aka yi dariya aka tashi ba tare da an raba gardamar ba.

Da safe muka ɗauki tasi zuwa filin jirgi, wanda ba shi da nisa da Deira. A wurin awon kaya ma'aikaciyar ta duba bizar Sin ɗin da ke fasfona da kyau, ta nemi ganin tikitin dawowa da takardar otal, domin kamfanin jirgi ne ke ɗaukar nauyin mayar da duk fasinjan da aka ƙi karɓa a can. Baba Alhaji ya tsaya gefe yana raba sauran kilishinsa ga duk Bahaushen da ya gani, saboda an gargaɗe shi cewa kwastam ɗin Sin ba sa barin a shiga da nama kowane iri, busasshe ko ɗanye. Fasinjojin rabinsu Sinawa ne masu komawa gida, sauran kuma mu ne da Larabawa da 'yan Indiya, kusan kowa da ƙaramar jaka ɗaya.

Na samu kujera kusa da taga, Baba Alhaji a tsakiya, a bakin hanya kuma wani saurayi ɗan Zariya da ke karatun injiniya a wata jami'a a kudancin Sin. Da jirgi ya daidaita a sama na kunna taswirar da ke allon bayan kujera, wadda nake ganin ta fi duk finafinan da ake nunawa amfani. Tazarar Dubai da Gwanzu a miƙe kusan kilomita 5,800 ce. Kano zuwa Legas a miƙe kimanin kilomita 830 ce, wato wannan tafiya ta ninka ta sau bakwai, kuma ta ɗara Kano zuwa Jidda, wadda take wajen kilomita 3,400, da nisa sosai. Abin mamakin shi ne duka biranen biyu a nahiya ɗaya suke, kuma kusan a layi ɗaya daga yamma zuwa gabas, Dubai a daraja 25 arewa, Gwanzu a daraja 23. Tafiya ce ta gabas tsantsa, kuma daga wannan ne duk abubuwan da suka ɗaure mana kai suka samo asali.

Muka bar gaɓar Oman, muka bi ta saman teku, muka shiga sararin Indiya. A nan ne lambobin allon suka fara canzawa. Tsawon da muke kai ya haura mita 11,000, sanyin waje ya kai 50 ƙasa da sifiri, gudun jirgin kuma ya wuce kilomita 1,000 a awa, a ƙarƙashinsa an rubuta ƙarfin iskar da ke turo mu daga baya. Ɗalibin ya nuna wa Baba Alhaji wannan layi da yatsa ya ce, "Baba, ga amsar gardamarku ta jiya." Ya bayyana cewa irin wannan babban jirgi gudunsa a cikin iska wajen kilomita 900 ne a awa, ko gabas ya nufa ko yamma. Amma a can sama akwai wata iska mai ƙarfi da ke kwarara daga yamma zuwa gabas ba tsayawa, wadda a lokacin sanyi take saukowa kudu ta bi ta arewacin Indiya, a wasu wuraren gudunta ya wuce kilomita 200 a awa. Jirgin da ya nufi gabas tana ƙara masa, wanda ya nufi yamma tana rage masa, kamar kwale-kwale a kogin Kwara wajen Yawuri: tuƙi ɗaya ne, amma mai bin ruwa yana riga mai haurawa isa. Ya ɗauki biro ya yi lissafin a bayan takardar shiga jirgi. Idan iskar ta ƙara 100 a kan 900, kilomita 5,800 za ta ci ƙasa da awa shida. Idan ta rage 100, za ta ci awa bakwai da kwata. Sauran lokacin da ke tikiti na hawa ne da sauka da zagaye da jiran layi a titin jirgi. Da bazara, in ji shi, iskar takan yi rauni ta koma arewa, bambancin zuwa da dawowa sai ya ragu, shi ya sa kamfanonin jirage suke sauya jadawalinsu tsakanin lokacin sanyi da na zafi.

Game da maganar ɗan Agadas kuwa, ya ce iskar da ke lulluɓe da duniya tare suke juyawa da ita, saboda haka ƙasa ba ta zamewa daga ƙarƙashin jirgi. Juyawar duniya tana da hannu ne kawai wajen karkata waccan iska ta nufi gabas. Baba Alhaji ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Allah ya yi maka albarka, yaro, amma nauyin ma yana nan."

Na lura cewa layin da muke bi a taswira ba miƙaƙƙe ba ne, yana ɗan lanƙwasa yana karyewa. Hanya mafi kusa tana shafar gindin duwatsun Himalaya ne, jiragen fasinja kuwa suna bin hanyoyin da aka shata musu a sama, kuma suna kauce wa tudun Tibet. Dalilin yana da sauƙin fahimta. Idan iskar numfashi ta cikin jirgi ta zube, matuƙi dole ya gangaro da sauri zuwa wajen mita 3,000, inda mutum zai iya numfashi da kansa, alhali tudun Tibet shi kansa ya haura mita 4,000, ƙololuwar Everest kuma mita 8,849 ce. Babu inda za a gangara. Saboda haka ɗan zagayen da ake yi ta kudu, ta Indiya da Bangaladash, ni dai ban ga asara a cikinsa ba.

Abin da ya fi damun mu a jirgin shi ne salla. Wanda ya nufi gabas da irin wannan gudu yana tarar rana ne, yininsa sai ya gajarce. Ba mu fi awa ɗaya da tashi ba rana ta yi tsaka, kuma tun da muka ga yadda take saurin karkata muka haɗa azahar da la'asar, muka yi ƙasaru a zaune, alƙibla tana bayanmu. Aka kawo abinci, shinkafa da kaza da ɗan burodi, Sinawan da ke gabanmu suna ta neman ruwan zafi zalla a kofi. Kafin a gama kwashe farantai hasken taga ya fara ja. Agogona, wanda na bari a lokacin Dubai, yana nuna wajen ƙarfe uku na rana sa'ad da rana ta faɗi. Baba Alhaji bai taɓa taɓa nasa ba tun da ya bar gida, ya ɗaga hannu ya duba, ya ga sha biyu na rana. Ya ce, "Ikon Allah! A Maraɗi ko kiran azahar ba a yi ba, mu ga mu da magariba." A ƙarƙashinmu agogon ƙasashe yana ta sauyawa ba bisa tsari ɗaya ba: Pakistan tana gaban Dubai da awa 1, Indiya da awa ɗaya da rabi, Bangaladash da awa 2, Myanmar da awa biyu da rabi, sannan Sin ta yi tsalle zuwa awa 4, domin duk faɗinta agogo ɗaya take bi, na Beijing.

Da sunan Myanmar ya fito a allo na gaya wa Baba Alhaji cewa ita ce Bama, wadda tsofaffin sojojinmu suke ba da labari. Rundunoni biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, sun yi yaƙi da Japan a dazuzzukan yammacin ƙasar a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma Hausawa suna da yawa a cikinsu. A jirgin ruwa aka kwashe su, suka yi makonni a teku kafin su sauka a Indiya, sannan suka shiga daji da ƙafa da kaya a ka. Mu kuwa mun ratsa ƙasar cikin duhu a ƙasa da awa ɗaya, ba mu ga komai ba sai ɗaiɗaikun fitilu, jirgin ya ɗan shiga gargada a kan duwatsun Yunnan da ke kudu maso yammacin Sin, aka ce kowa ya ɗaura bel.

Filin jirgin Baiyun, wanda aka buɗe a 2004, yana arewa da gari da kimanin kilomita 30. Tafiyar ƙafa daga bakin jirgi zuwa wurin jami'an shige da fice ita kanta aiki ce ga mai ciwon gwiwa. Aka ɗauki hoton yatsunmu da na fuska, jami'in ya tambaye ni otal ɗin da zan sauka da abin da ya kawo ni, ya buga hatimi ba tare da ɗaga murya ko neman wani abu ba. A nan ne wanda bai shirya ba yake fara shan wuya, domin WhatsApp da Facebook ba sa aiki a intanet ɗin ƙasar, komai ta manhajar waya ta Sinawa mai suna WeChat ake yi, har biyan kuɗin ruwan sha. Tafintana, wani ɗan Nijar da ya daɗe a garin, yana jira a bakin ƙofa. Tasi zuwa unguwar Xiaobei ta ci sama da yuan 100, alhali jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa bai kai yuan 10 ba, sai dai dare ya yi kuma da dattijo a tare da mu. A otal aka karɓi fasfo aka yi rajista nan take, domin doka ce a sanar da 'yan sanda masaukin baƙo cikin awa 24.

Gajiyar awa bakwai ta wuce da wanka. Wadda ta ƙi wucewa ita ce ta agogo. Tsakanin Kano da Gwanzu awa 7 ce, saboda haka ƙarfe uku na dare ina kwance ido biyu, jikina yana ganin takwas ce ta dare, da hantsi kuma a kasuwar yadi ta Zhongda barci yana fizgata a tsaye ina murza samfur tsakanin yatsu. Wannan bambanci yana shiga har cikin ciniki. Lokacin da yarana suke buɗe shago a Kwari, wajen tara ko goma na safe, a Gwanzu huɗu ce ko biyar na yamma, masu kaya sun fara haramar tashi. Idan na tura hoton kala ina jiran a nuna wa 'yan sari su zaɓa, amsar takan zo ne bayan an rufe, ciniki ya kwana. Dabarar da tsofaffin hannu suke yi ita ce su tattara hotuna da farashi duk yini, su tura da yamma, su kwana a kan waya, da safe su je da amsa a hannu. Abinci bai ba ni wahala ba, domin a Xiaobei kusan kowane layi akwai shagon Musulmin arewa maso yammacin Sin mai koren allo, inda ake murza taliya da hannu a gabanka a zuba mata romon naman sa, kwano bai kai yuan 20 ba. Sai dai alƙibla: mutumin da ya tashi yana fuskantar gabas, a nan yamma zai fuskanta, ya ɗan karkata arewa, kuma sai da na riƙa duba waya kafin in shimfiɗa darduma.

Ranar Juma'a muka je masallacin da ke kusa da tsohuwar maƙabartar Musulmi, inda mutanen garin suke danganta wani kabari da Sahabi Sa'ad bin Abi Waƙƙas, ko da yake littattafan tarihinmu sun ce a Baƙi'a ta Madina aka binne shi. Abin da babu jayayya a kai shi ne tun zamanin daular Tang, sama da shekara dubu, fataken Larabawa da Farisawa suna zuwa wannan gari daga gaɓar tekun da jirginmu ya taso, kuma masallacin Huaisheng da doguwar hasumiyarsa suna nan a tsohon gari. Su ma iska ce ke yanke musu lokaci: sukan jira wadda ke kaɗawa gabas su taho, su zauna watanni suna ciniki har ta juya su koma. A 1980 an ƙera jirgin ruwa irin nasu a Oman, aka ɗinke katakonsa da igiyar kwakwa babu ƙusa ko ɗaya, aka sa masa suna Sohar. Ya bar Maskat a watan Nuwamba, bai isa Gwanzu ba sai Yulin 1981. Bayan salla harabar ta cika da masu gasa nama da sayar da burodi, a nan na ji Hausar Kumasi da ta Garwa da ta Kano duk a wuri ɗaya.

Dawowa ta tabbatar da lissafin ɗalibin. A wurin awo kowa yana fama da kilo, ana buɗe jakunkuna a ƙasa ana rage kaya ana cusawa a ta hannu, Baba Alhaji yana kallona yana murmushi. Masu bincike suna duba kowace batirin cajin waya, wadda ba a rubuta ƙarfinta a jiki ba ba ta wucewa. Muka tashi bayan sha biyu na dare, kuma tun daga saman Yunnan gudun da ke allo ya faɗi ƙasa da 800, ya zauna a nan har muka ƙetare Indiya. Lambar kilomitan da suka rage tana raguwa a hankali ƙwarai, mutum ya yi barci ya farka ya tarar har yanzu ana saman ƙasa ɗaya. Wannan karon muna gudu ne tare da dare. Rana ta faɗi mana a Gwanzu kafin shida na yamma, ba mu sake ganin ta ba sai wajen bakwai na safe a Dubai, wato sha ɗaya na rana a agogon Sin, duhun awa 17 a jere. Mun yi isha'i a ƙasa kafin mu shiga jirgi, muka sauka bayan awa tara asuba ba ta yi ba, muka yi ta a masallacin filin jirgi.

Wanda zai haɗa wannan jirgi da wani a Dubai a lokacin sanyi ya kamata ya bar tazara mai kyau, domin iskar takan yi ƙarfi fiye da yadda jadawali ya ƙiyasta, kuma wasu daga cikin waɗanda muka sauka tare da gudu suka nufi ƙofarsu ta gaba da jakunkuna a kafaɗa. Ni da Baba Alhaji muna da sarari, muka sha shayi, muka yi musayar lamba, shi ya nufi jirgin da zai kai shi Yamai, ni kuma na Adis Ababa. Yadin da na saya ya biyo ta ruwa a kwantena, ta mashigin Malaka, ya zagayo Afirka ta kudu, ya iso Legas bayan sama da wata guda.